Hanyar Dogon Ruwa

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Japheth da Bakoji sun shiga daji da safe a kan babur ɗaya. Na raka su har bakin gari na dawo, saboda gwiwar nan ba ta yarda da doguwar tafiya ba. Sun ce Talata za su fito.

Saliha ce ta jawo wannan tafiya, 'yar ƙanwata mai kamfanin yawon buɗe ido a Abuja. Aikinta kai mutane dazuzzukan kudu inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, su hau kwalekwale, su kalli birai da tsuntsaye, su ƙarasa a bakin teku. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindigar daji hanya ta buɗe take damuna da waya. Ta ce ba za ta yi ta tallar dajin wasu ba ga dajin Kamuku a bayan gidan kakanta. Baƙinta za su zo ƙarshen wata. Tana so a kai su Dogon Ruwa su ga inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, su hau Goron Dutse, su wuni a rugar Modibbo mahaifin Bakoji su sha fura da nono, sannan matan unguwar su Japheth su nuna musu ginin tukwane.

Ni da Japheth tun muna samari muke kai baƙi dajin nan. Ni ke yi musu bayani, shi ke duba ƙasa ya ce giwa ta bi nan jiya, ko gwanki ya kwana can. Gbagyi ne, kakanninsa a cikin dajin suka yi farauta. Bakoji ƙaninmu ne nesa a shekaru, amma babu kwarin da bai bi da shanu ba. Shekaru ke nan babu wanda ya taka hanyar a cikinmu. Ni na koma sayar da taki, Japheth ya koma gonarsa. Dole a duba ta kafin a ɗora 'ya'yan mutane a kai.

Na fito da tsohuwar motar na wanke. Batir ya mutu.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan magariba

Ba su fito ba. An yi ruwa jiya, ƙila rafi ne ya cika.

Laraba, 8 ga Oktoba, hantsi

Wayoyinsu duka a kashe. Can ciki dama babu sabis, wannan ba wani abu ba ne. Huseina matata ta ce in ci abinci, na ci.

Saliha ta kira tana tambaya ko za a ga giwa. Na ce giwa ba ta da alkawari da kowa, amma goggon biri da gada da mugun dawa ba za a rasa ba, burtu kuma yana yawo a fili bayan ruwa. Ta ji daɗi. Ta ce a cikin baƙin akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ba ta son komai sai tsuntsaye.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Wani mai cire zuma ya same ni a shago. Ya ce a kan hanyar Dogon Ruwa, a gindin wata ɗorawa, ya ga jarkar ruwa da takalmin roba ƙafa ɗaya, ga sawun babura da yawa sun yi arewa. Ya kawo jarkar. Ta Japheth ce, na san igiyar da ya ɗaura mata.

Na je na sanar inda ya kamata a sanar. Daga nan na wuce gidan Japheth. Matarsa Maman Obed tana shanyar masara a tsakar gida. Da ta ga jarkar ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓa ta shiga da ita ɗaki, ta fito ta ci gaba da baza masarar da ƙafa. Na tsaya ina ta maganar rafi da sabis har na ji kunyar kaina na yi shiru.

Rugar Modibbo ban je ba. Na aika.

Juma'a, 10 ga Oktoba, yamma

Babu kira. Kowa ya ce idan mutanen daji ne za su kira. Na sa wayar a caji ko da ba ta sauka ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, safe

Babu kira.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Na sa an canza batir. Mota ta tashi. Ban san dalilin da ya sa na yi ba.

A wajen mai shayi an fara wata magana. Wai me ya sa sai da Bakoji ya shiga tafiyar abin ya faru. Wai wa ya san za su bi ta gindin ɗorawar in ba shi ba. Na ce ni na roƙe shi ya je, sai da na je rugar sau biyu kafin ya yarda, matarsa Bara'atu ma ba ta so ba don tana da tsohon ciki. Aka ce ai haka suke yi, sai an roƙe su. Na bar shayin na tashi.

Litinin, 13 ga Oktoba, hantsi

Saliha ta turo hoton takardar tallar da ta buga, da sunana a jiki da na Japheth, har da hoton Dogon Ruwa na da can. Na kira ta na gaya mata.

Ta ce, "Kawu, ni na sa su."

Na ce ba ita ba ce. Ta tambaya me za ta yi, na ce ta dakatar da baƙinta, ta kuma rufe bakinta, kada maganar ta shiga waya ta yaɗu. Ta ce za ta taho. Na hana ta.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Modibbo ya zo da ƙafa. Mutumin da ya haura saba'in, daga ruga har unguwarmu ta Magajin Gari, da rana. Huseina ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta kawo ruwa. Ya sha kaɗan. Muka yi gaisuwa mai tsawo, shanu, damina, iyali, kamar babu abin da ya kawo shi.

Ya ce shi ma ba a kira shi ba. Ya aika wajen mutanen da yake ganin za su iya jin wani abu, kowa ya ce bai sani ba, wasu sun ce waɗannan ba sa cikin waɗanda suka yi sulhu. Ya ce matan rugar sun daina kawo nono gari tun da aka kifar wa ɗaya da ƙwarya a bakin kasuwa. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin wani gari.

Da zai tafi ya ce in gaya wa matar Jafet, haka yake kiransa, cewa duk abin da ya samu mijinta ya samu ɗansa. Na mayar da shi a mota. A bakin titi mutane suna kallonmu. Na gaishe da duk wanda na sani da sunansa.

Laraba, 15 ga Oktoba, yamma

Babu kira. Gwiwar ta yi sauƙi, yau har masallacin Juma'a na taka na dawo ba ta ce komai ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Obed, babban ɗan Japheth, ya dawo daga Kaduna inda yake aikin walda. Ya zo shago da abokansa. Bai zauna ba. Ya ce, "Baba Salmanu, kai ka haɗa babana da mutumin nan."

Na ce haka ne. Ya ce to su za su je rugar su tambayi tsohon da kansu, tunda ni na tsaya ina kai shi gida a mota. Na tambaye shi tambaya da jarkar fetur ake yi? Don na ga abin da ke ɗaure a bayan babur ɗin ɗaya daga cikinsu. Yaron nan a kafaɗata ya fara ganin giwa. Na so in tuna masa, na ga ba ranar ba ce.

Na je na gaya wa mahaifiyarsa yadda muka yi, ban rage komai ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Da sassafe Maman Obed ta ƙwanƙwasa ƙofa da tabarma a naɗe da buhun gyaɗa. Ta ce in kai ta ruga. Na tambaya lafiya, ta ce gyaɗa za ta ɓare, kuma a can take so ta ɓare ta.

Na kai ta. Ta gaishe da Modibbo a durƙushe, ta wuce bukkar Bara'atu ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa. Ba su taɓa haɗuwa ba. Bara'atu Hausarta ba ta da yawa, ita kuma ba ta jin Fulatanci. Na bar su suna ɓarar gyaɗa, ciki a gaban yarinyar kamar ya faɗo.

Ta ba ni saƙo in kai wa ɗanta: tana ruga, a can za ta kwana, duk mai zuwa ya zo ya same ta. Na kai. Obed ya zauna a kan dakalin shagon maƙwabcina ya rufe fuska da hula. Abokan suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 18 ga Oktoba, safe

Ba wanda ya je. Tana can.

Litinin, 20 ga Oktoba, yamma

Babu kira. Na kai musu shinkafa da gishiri da maganin sauro. Gyaɗar ta ƙare, yanzu Maman Obed tana koyon kaɗa nono, matan suna yi mata dariya. Modibbo ya rame.

A hanyar dawowa ayarin zabin daji ya tsallaka gabana, na taka birki na tsaya ina kallo har na ƙarshe ya shige ciyawa. Na juya zan ce wani abu, babu kowa a kujerar.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan azahar

An kira, amma daga ƙauyen Kutemeshi. Wasu manoma sun tsinci mutum a bakin gonar dawa, ba ya iya tsayuwa, ya ba su lambata.

Japheth ne. Shi kaɗai.

Alhamis, 23 ga Oktoba, hantsi

Yana asibiti. Tafin ƙafafunsa duk sun fashe, an cire ƙayoyi, an sa masa ruwa. Ba a dake shi sosai ba. Maman Obed ta dawo daga ruga a bayan babur ɗin ɗanta. Da ta shiga ta riƙe babban yatsan ƙafarsa, wurin da babu bandeji, ta zauna a ƙasa.

Bai yi magana ba sai da suka fita sayo koko. Ya kira ni kusa ya gaya mini labarin Bakoji. Ya ce kada in gaya wa kowa, shi zai kai maganar da bakinsa in ya iya taka ƙasa. Na ce tsohon yana jira. Ya ce ya sani.

Juma'a, 24 ga Oktoba, yamma

Modibbo ya aiko yana tambaya. Na ce Japheth bai dawo hayyacinsa ba tukuna.

Huseina ta dube ni a kan abinci ta ce, "Malam, ka san wani abu." Na ce miyar ta yi gishiri. Ba ta yi ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Bara'atu ta haihu, namiji. An aiko da labari. Huseina ta haɗa sabulu da zani ta ce in kai, na ce ta je da kanta, gwiwata ta tashi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, hantsi

Mutane sun cika asibiti da dubiya bayan an tashi daga coci, har da masu zama wajen mai shayi. Wani ya ce to yanzu sai ya faɗa musu yadda Bafulatanin ya sayar da shi.

Japheth ya sa Obed ya ɗaga shi zaune. Ya ce tun ranar farko mutanen suka ce wa Bakoji ya kama gabansa, ba shi suke so ba. Bakoji ya ce tare suka zo, tare za su koma. Suka mare shi suka ce ya tafi, ya zauna a ƙasa. Da aka yi ta tafiya da su ƙafar Japheth ta kumbura, Bakoji ne ya goye shi a wuraren hawa. Abincin da ake ba su, shi yake cewa ya ƙoshi.

Sannan ya ce, "Duk wanda ya sake kiran sunansa da mugun baki, kada ya zo jana'izata."

Wani ya tambaya to ina yake yanzu. Japheth ya kwanta ya juya fuska bango. Obed ya fita waje, na same shi a bayan ɗakin magani yana ta goge hannunsa a wando kamar ya taɓa wani abu.

Talata, 28 ga Oktoba, yamma

Saliha ta kai baƙinta kudu. Ta turo hoton teku da safe, babu rubutu a ƙasa, daga baya ta goge. Ta kira ta ce a gaishe da Baba Japheth. Ta tambayi ɗayan. Na ce sabis ba shi da kyau.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan azahar

An sallame shi. Yana taka ƙasa da sanda. Ya ce gobe.

Na ce jibi ne suna, ko a bari a yi suna tukuna. Ya ce ba zai bari tsoho ya yanka rago yana duban hanya ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan magariba

Mun je da hantsi, ni da shi da Obed yana tuƙi. Modibbo yana ƙarƙashin kaɗanya. Da ya ga Japheth ya sauko da sanda, ya duba bayan motar, ya sake dubawa, sai ya gyara zama ya ce a kawo tabarma.

Japheth ya ƙi tabarmar, ya zauna a ƙasa. Ya ce wata rana da rana tsaka mutanen suka kaure da faɗa a tsakaninsu, bai san a kan me ba, harbi ta ko'ina. Bakoji ya ja shi suka faɗa cikin ciyawa suka yi ta gudu. Sai da suka yi nisa ya ga rigar Bakoji ta jiƙe da jini ta gefe. Ya yi tafiya da shi a haka har washegari, Bakoji yana nuna masa inda za su bi. A bakin wani rafi ya ce a tsaya ya huta. Ya sha ruwa a hannun Japheth, ya yi kalmar shahada, ya ce a gaya wa Bara'atu ta yafe masa tafiyar.

Modibbo ya yi salati a hankali. Can cikin bukkoki wata ta fasa kuka, sauran suka ɗauka. Shi bai motsa ba. Da ya buɗe baki tambaya ya yi, ko an bar shi a fili ne.

Japheth ya ce a'a. Ya haƙa da itace da hannu a inda ƙasa ke da laushi, ya wanke shi da ruwan rafin iyakar yadda ya iya, ya lulluɓe shi da rigarsa, ya jera duwatsu a kai saboda kura. Ya ce salla ce bai iya ba.

Modibbo ya ce, "Ina ka juya fuskarsa?"

"Gabas, Baba. A kan hannun dama. Na sha ganin yadda kuke yi."

"Za ka gane wurin?"

"Zan gane."

"To ka kai ni."

Asabar, 1 ga Nuwamba, yamma

An yi suna. An sa wa yaron sunan ubansa na yanka, Abdulƙarim. Ni ban taɓa sanin sunan ba sai yau. Mutanen gari sun zo fiye da yadda na zata, wasu sun tsaya nesa-nesa. Obed ne ya riƙe ragon.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Modibbo ya aiko cewa an ce mu shiga ranar Alhamis mu fito a ranar, kada mu wuce mutum huɗu. Ban tambayi wa ya ce ba. Huseina ta ce in na tafi kada in dawo in same ta. Daga baya na ji tana soya gyaɗa tana ɗaurawa a leda.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Mun shiga mun fito.

Mun bar mota inda hanya ta ƙare muka taka. Japheth a gaba da sandarsa, Modibbo a bayansa, sai ni, Obed a ƙarshe da ruwa. Dajin ya yi kauri fiye da yadda na bar shi, itatuwan doka sun haɗe kai, hanyoyinmu na da duk ciyawa ta cinye. Mun ga kashin giwa bai bushe ba. Goggon biri sun yi mana haushi daga kan dutse. Ni da bayani ne aikina bakina bai buɗe ba. Ba mu haɗu da kowa ba, ko da yake sau ɗaya na ji ƙarar babur can nesa ta tsaya.

Japheth bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Rafin ya ja baya, ga wani babban itacen maje a gefe, ga duwatsun a jere yadda ya bar su, babu abin da ya taɓa su.

Modibbo ya yi alwala a rafin. Na tsaya a bayansa muka yi wa Bakoji salla, su Japheth suna gefe sun cire huluna. Da muka idar tsohon bai tashi tafiya ba. Ya zagaya kabarin a hankali, ya tsaya ta wajen kai, ya ɗaga ido ya dubi rana, ya dubi inuwar majen, ya sake duban yadda duwatsun suka kwanta. Japheth yana kallonsa.

Modibbo ya ce, "Daidai ne, Jafet. Ka kwantar da shi daidai."

Japheth ya saki sandar ya zauna a cikin ciyawa. Tun da aka tsince shi a Kutemeshi ban ga hawayensa ba sai a nan. Muka jira shi har ya gama, sannan tsohon ya miƙa masa hannu ya tashe shi.